LACCA TA WAYAR TARHO DA YADDA AKE ADANA TA

Jawabi domin hakimai da malamansu



Maganar yau a kan wani aiki ne wanda ya shigo hannun hakimai ba tare da an yi masa shela ba, watau karɓar lacca ko taron ƙara wa juna sani ta wayar tarho. Likita yana zaune a babban birnin jiha, ko malamin gona yana Samaru ta Zariya, ya yi bayani a kan rigakafin ƙyanda ko a kan tsutsar da ke cin masara, hakimai kuwa kowa yana garinsa tare da dagatansa suna saurare, suna tambaya ana ba su amsa, ba wanda ya ɗaura sirdi, ba wanda ya sha man mota. Da jin wannan mutum zai ce ai abu ne mai sauƙi, tun da yau ko yaron da ke kiwon awaki yana da waya a aljihu. To, buga waya daban, zaman majalisa a cikin waya daban. Sau da yawa akan tashi daga irin wannan taro an ƙona kuɗin kati na awa guda, in an tambayi mutum uku abin da aka yanke, kowa da tasa amsar.

Dalilin da ya sa abin ya zama tilas ba ɓoyayye ba ne. A shekarar 2020, sa'ad da cutar korona ta sa aka rufe kasuwanni da makarantu, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, ba a sami hanyar ganawa ba sai waya da rediyo. Har tafsirin azumi na wannan shekara, a wurare da dama ta akwatin rediyo aka saurare shi. Wannan ta wuce, amma akwai wadda ba ta wuce ba. Akwai hanyoyi a ƙasashen Zamfara da Katsina da Sakkwato da Birnin Gwari waɗanda in an kira hakimi taro a hedkwata, iyalinsa ba su runtsawa sai ya komo. Duk da haka hukuma ba ta da madogara kamar masu sarauta in tana son magana ta isa ƙauye. Tun daga 1976 da aka rushe tsarin En'e aka kafa ƙananan hukumomi, baitulmali ya bar hannun sarakuna, amma kunnen talakawa bai bar su ba. An ga shaidar haka a aikin shan inna. A 2009 Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya jagoranci kafa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya, hakimai da dagatai suka shiga gida gida, har a watan Agusta na 2020 aka shaida an raba nahiyar Afirka da ainihin ƙwayar cutar ta daji. Abin da aka faɗa wa hakimi da hantsi, kafin magariba ya isa zauren mai unguwa. Saboda haka in ya ji shi a karkace, a karkace zai isa.

ASALIN ABIN

Kada a zaci lacca ta waya baƙuwar jiya ce. Kusan tare suka tashi da tarhon kansa. Alexander Graham Bell ya sami takardar mallakar ƙirarsa a 1876. A watan Fabrairu na 1877 ya tsaya gaban jama'a a garin Salem na Amurka yana bayani, mataimakinsa Thomas Watson kuwa yana birnin Boston, tazarar da ba ta kai mil 20 ba, yana magana yana rera waƙa ta cikin waya, mutanen zauren suna ji suna mamaki. A 1893 wani mutumin Hangari, Tivadar Puskás, ya buɗe abin da aka kira jaridar tarho a birnin Budapest: an ja waya zuwa gidaje, mutum ya ɗora abin ji a kunne ya saurari labarai da kiɗa, daga baya har da darussan harsunan waje. Dattawan da suka san akwatunan rediyo masu waya na shekarun 1940 da 1950 a Kano, waɗanda ake ratayawa a bango ana biyan kuɗin wata, sun san irin wannan. Amma duka magana ce mai tafiya gefe guda. Mai ji ba shi da bakin tambaya.

Inda abin ya zama makaranta sosai shi ne jihar Wiskonsin ta Amurka. A 1965 jami'ar jihar ta haɗa waɗansu asibitoci da layin tarho guda domin likitocin ƙauye su riƙa ƙara sani ba tare da sun bar majinyatansu ba. Abin ya karɓu, ya bazu zuwa ga malaman jinya da lauyoyi da manoma, har wuraren saurare suka kai wajen 200. Abin lura a tsarin nasu shi ne, ba kowa ne ke zaune a ɗakinsa da wayarsa ba. Taruwa ake yi a wuri sananne, da lasifika guda da makirfo, a saurara tare, in an gama a tattauna ido da ido. Wannan shi ya fi dacewa da ƙasar Hausa, gama zauren hakimi tun asali wurin da ake taruwa a ji magana ne.

A Nijeriya kuwa, kafin 2001 layukan tarho da ke aiki a ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba, yawancinsu a manyan birane. A watan Agusta na wannan shekara aka fara wayar salula ta GSM, cikin 'yan shekaru ta shiga inda wayar tangarahu ba ta taɓa zuwa ba. Waɗansu ƙasashe sun riga sun mori wannan. Habasha ta buɗe lamba 8028 a 2014, manomi ya buga ya ji bayanin shuka da taki da harshensa. A Indiya, a jihar Bihar, an fara koyar da mata masu aikin lafiya a ƙauyuka ta waya a 2012, a 2016 gwamnatin ƙasar ta ɗauki tsarin. Darasin nasu na awa 4 ne, an raba shi babi 11, kowane babi da tambayoyinsa a ƙarshe, kuma in mace ta kashe waya don ta duba tukunya, gobe in ta buga daga inda ta tsaya za a ci gaba. Ashe ko waɗanda suka fi kowa kayan aiki ba su yarda su zuba wa kunne awa 4 a zama guda ba.

ABIN DA WAYA BA TA KAIWA

Hausawa sun ce gani ya kori ji. A majalisar hakimi rabin maganar da ido ake yin ta. Wurin zaman mutum ya nuna matsayinsa. In hakimi ya ɗaga kai, an san wanda aka ba izini. In dattijo ya gyara zama, mai magana ya san an gaji, in an sunkuyar da kai ya san ba a yarda ba ko da ba a ce uffan ba. Waya tana ɗauke wannan duka, ta bar murya tsirara. Mai lacca yana magana cikin duhu ne. In ya ji shiru, bai san ko shirun gamsuwa ne, ko na ladabi, ko na barci, ko kuwa layi ne ya katse tun ɗazu yana ta yi wa bango bayani.

Muryar ma ba dukanta ke isa ba. Masana sun auna, kunnen matashi lafiyayye yana jin sauti daga mai kaɗawa sau 20 a daƙiƙa har zuwa wajen sau 20,000, amma layin waya na yau da kullum abin da ke tsakanin 300 da 3,400 kaɗai yake wucewa da shi. Sauran an yanke shi don a rage wa layi nauyi. Abin da ya sa ke nan sautin "s" da "f" da "sh" sukan rikice a waya. A hira ba kome, hankali yana cike gurbi. A lissafi kuwa hankali ba shi da abin cikewa. Talatin da tamanin 'yan uwan juna ne a kunne, haka sittin da saba'in, haka sha biyu da sha biyar. Ga misali, malamin gona ya ce a zuba mililita talatin na magani a tankin feshi, malamin hakimi ya ji tamanin ya rubuta, dagatai goma suka kai wa manomansu. Asarar da za a yi ba ta tsaya ga ƙonewar ganye ba, har ta kai ga lafiyar mai feshin da ta mai cin waken, bayanta kuma ga zubewar amincin hakimi, wanda shi ne mai wuyar maidowa. Maganin wannan ɗan ƙanƙane ne. Duk lambar da aka faɗa a faɗe ta sau biyu ta hanya biyu, a ce "talatin, watau uku da sifiri", wani daga nesa ya maimaita a ji, sa'an nan bayan taro a aika da ita a rubuce ta saƙon waya.

Har wa yau akwai ɗan jinkiri tsakanin fitar magana da isarta. Shi ke sa mutum biyu su fara tare, su yi shiru tare, su sake farawa tare, kowa yana cewa "Bismilla, ranka ya daɗe". Ba a warware wannan sai da shugaban taro, mutum guda wanda ba shi ne mai laccar ba, aikinsa kawai ba da izini da karɓewa. Shi zai buɗe da addu'a, ya kira sunayen gundumomi ɗaya ɗaya, kowace ta amsa ta faɗi yawan mutanen da ke zaurenta. Wanda aka ba magana ya fara da sarautarsa da garinsa, ko da yana ganin an san muryarsa, in ya gama ya ce ya gama.

Nan wata matsala ke shigowa wadda littattafan Turawa ba su san da ita ba, watau gaisuwa. Ba a shiga maganar sarakuna gaba gaɗi, kuma ba wanda ke son a zubar da wannan. Amma in hakimai ashirin za su gaida juna da gajiya da iyali da damina, kowa da kowa, awar za ta ƙare ba a taɓa ƙyanda ba. Abin da ya fi shi ne shugaban taro ya yi gaisuwa guda cikakkiya a madadin kowa, ya ambaci sarautu bisa jerin da majalisar masarauta ta ba shi a rubuce. Kada ya tsara jerin da kansa, kada kuma ya bi wanda ya riga shiga layi. A zaure in an yi kuskuren wurin zama ana gyarawa da ƙiftawar ido. A waya kuwa mutum ashirin sun ji an kira ƙarami kafin babba, kuma inji ya ɗauka.

SHIRIN ZAURE

Hanyar haɗa taron iri uku ce. Ta farko, mai waya ya buga wa mutum, ya tsai da shi, ya buga wa wani ya haɗa su. Wannan ba ta wuce mutum biyar ban da mai bugawa, kuma in wayarsa ta mutu taro ya watse. Ta biyu, lamba guda da aka yi hayarta wadda kowa zai buga ya danna lambar sirri ya shiga. Ita ce ta dace da taron masarauta duka, kuma ko da ƙaramar waya mai tocila ana shiga. Ta uku ta intanet ce, kamar kiran WhatsApp mai ɗaukar har mutum 32, sai dai tana bukatar babbar waya da data da sabis mai ƙarfi, abin da garuruwa da yawa ba su da shi. Ya kamata mai shirya taro ya zaɓi hanya bisa ga gundumar da ta fi kowa raunin sabis, ba bisa ga ofishinsa ba. Kuma tun a takardar gayya a faɗi wanda zai biya kuɗin kati, gama malamin da ya biya daga aljihunsa sau biyu, a na uku wayarsa a kashe za a same ta.

A gunduma, waya guda da ƙaramar lasifika sun isa. A zaɓi ɗaki tun jajibiri, a gwada kira daga cikinsa a daidai lokacin da za a yi taron, domin sabis na safe ba shi ne na yamma ba. Soron ƙasa mai tabarmi da darduma ya fi ɗakin siminti wanda ba kome a cikinsa, gama siminti yana maido da murya, ƙasa da shimfiɗa kuwa suna shanye ta. Rufin kwano a damina abokin gāba ne, ruwa na sauka ba sauran ji. Janareto a kai shi nesa. Waya ta kwana a caji, a ajiye wata ta biyu a kashe, da kati a cikinta. In waya biyu suka shiga taro guda a ɗaki guda, ƙara ce mai tsinka kunne za ta tashi, kowace tana jin 'yar uwarta tana maidowa. Don haka dagatai su haƙura su kashe nasu a bakin ƙofa.

Wayar tana hannun malamin hakimi, kuma babban aikinsa a wurin shi ne maɓallin rufe baki. Muddin ba zaurensu aka ba magana ba, bakin waya a rufe yake. An sha jin kukan akuya da tallar fura sun shiga tsakiyar bayanin likita, wannan abin dariya ne kawai. Amma an sha jin abin da ya fi haka: wani ya juya yana gaya wa na kusa da shi ra'ayinsa a kan mai laccar, ko ana raɗa a kan shari'ar gona, gundumomi goma sha suna saurare.

Lokaci kuwa, tsakanin hantsi da azahar ya fi, ban da Jumma'a da ranar kasuwar gari. Da damina a tuna dagaci ma manomi ne. Kada mai lacca ya wuce minti goma bai tsaya ba. Ya tsaya, shugaban taro ya kira gunduma biyu ko uku da suna su faɗi abin da suka ji, ba a ce "akwai mai tambaya?" a sake shi a iska ba, gama wannan tambaya shiru ne amsarta kullum. Dagaci ba ya son ya nuna bai gane ba a gaban hakiminsa, balle a gaban hakiman waɗansu. Malami mai wayo tun kafin a fara yakan zaga ya karɓi tambayoyin mutane ya rubuta, in lokaci ya yi ya karanta su da sunan gunduma, ba da sunan kowa ba. Wata fa'ida da ba a cika ambata ba ita ce ta mata. Ungozoma da matan gida waɗanda ba za su zauna a zauren maza ba, ana iya ba su tasu wayar a cikin gida su zama wuri mai zaman kansa a jerin kira, alhali kuwa yawancin laccar lafiya su ta fi shafa.

ƊAUKAR MAGANA

Tunanin adana maganar waya shi ma tsoho ne. A 1898 wani injiniyan tarho na ƙasar Danmak, Valdemar Poulsen, ya ƙera injin da ke ɗaukar murya a kan siririyar wayar ƙarfe. An ɗauki muryar Sarkin Ostiriya Franz Josef da shi, har yau tana nan ana ji. A 1963 kamfanin Philips ya fito da kaset, wanda mutanen Arewa suka sani sarai ta wa'azi da waƙa da saƙon 'yan ci-rani. Yau kowace babbar waya tana da injin ɗauka a cikinta.

Duk da haka kada malami ya dogara da cewa wayar da ake kira da ita za ta ɗauki kiran da kanta. Waɗansu suna yi, waɗansu ba su yi, kuma tun watan Mayu na 2022 kamfanin Google ya toshe babbar hanyar da manhajojin ɗaukar kira suke bi a rumbunsa. Dabarar da ba ta ba da kunya ita ce waya ta biyu, a cire ta daga sabis don kada kira ya shigo ya katse ta, a ajiye ta a kan ƙyalle kamar taƙi ɗaya daga lasifika. A gwada minti guda a saurara kafin a fara. Ɗauka mafi kyau kuwa a wajen mai laccar ake yin ta, inji yana gaban bakinsa, domin can muryar cikakkiya ce, ba ta riga ta bi ta matsattsen layi ba. Saboda haka a yi biyu: ta wajen mai lacca don rarrabawa, ta wajen shugaban taro don a sami tambayoyi da amsoshi. Nauyin ba shi da yawa. Magana ta awa guda in an adana ta da matsakaicin kyau ba ta kai megabayit 30 ba, ƙaramin memori zai ɗauki laccocin shekara ya yi saura.

Abu na farko da za a ji a cikin kowace ɗauka shi ne kwanan wata da shekara, da sunan mai magana da aikinsa, da abin da za a yi magana a kai, a faɗe su da baki. Rubuta su a sunan fayil bai isa ba, gama suna yana sauyawa da zarar abu ya bi hannu uku. Wannan ba ƙa'idar ofis ce kawai ba. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran saukar ruwa da ɗaukewarsa. In an yi lacca a kan hasashen bana ba a faɗi shekara ba, baɗi warhaka za a same ta tana yawo a wayoyi, manomi ya yi shuka da maganar bara. Haka ranakun rigakafi, haka farashin taki.

Sa'an nan izini. Magana zarar bunu ce, in ta shiga inji kuwa ta zama bunun da iska ke rabawa gari gari. Wajibi ne shugaban taro ya faɗa a farko cewa ana ɗauka, ya faɗi wanda zai ajiye da waɗanda za a ba, wannan sanarwa ita ma ta shiga cikin ɗaukar. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ɗora nauyi a kan duk mai tattara bayanin wani, ta kuma tsananta a kan abin da ya shafi lafiyar mutum. Dokar shaida ta 2011 kuwa, a sashe na 84, ta buɗe ƙofar kai abin da na'ura ta adana gaban alƙali in an cika sharuɗɗa. Watau kalmar da hakimi ya faɗa a kan iyakar burtali yana ganin hira ce, tana iya dawo masa a kotu bayan shekara biyar. Don haka in an zo rarrabawa, a yanke laccar ita kaɗai, guntu guntu na minti biyar ko goma don su yi sauƙin turawa, a bar ɓangaren tambayoyi a akwatin masarauta. Kada a kama sunan majinyaci a layi, ko da don neman shawara ne.

Maganar tsaro kuwa ba ta da wuri a irin wannan taro ko kaɗan. Shugaban taro bai ga waɗanda ke zaune a zaure ashirin ba, bai ga na bayan taga ba, lambar sirri kuma in ta shiga hannu ashirin ta bar zama sirri. A ƙasar da masu kai wa 'yan bindiga rahoto suke cikin gari, dagacin da ya faɗi a waya inda ɓarayi ke kwana ya sa wuyansa a igiya. In wani ya fara irin wannan magana, a tsai da shi da ladabi, a ce za a neme shi shi kaɗai. Lambar sirri kuma a sauya ta kowane taro.

LITTAFIN MALAMI

Akwai malaman da suka ga inji suka ajiye alƙalami, suna cewa ai kome yana cikin waya. Wannan kuskure ne babba. Maganar awa guda sai an ba ta awa guda kafin a ji ta, shafi guda kuwa minti biyu ya isa. Ranar da hakimi zai ce, "Malam, me likitan nan ya ce a kan yaron da ya wuce wata tara ba a yi masa allura ba?", ba zai zauna jiran a lalubo ba. Waya kuma tana faɗawa rijiya, ana sace ta a kasuwa, yara suna gogewa, mai ita yana sayarwa. Littafin haraji na zamanin En'e har yau ana buɗe shi a karanta, amma kaset ɗin shekara talatin da suka wuce da wuya a sami abin da zai juya shi.

Abin da malami zai rubuta ba shi da yawa: kwanan wata, lokacin farawa da na tashi, waɗanda suka halarta a zaurensa, manyan maganganu, kowace lamba da aka faɗa, da abin da aka ɗora wa gunduma, wa zai yi, zuwa yaushe. A gefen kowace babbar magana ya sa mintin da ta zo a cikin ɗaukar, ya ce "ma'aunin magani, minti na 23", don mai nema ya tafi kai tsaye. In layi ya katse musu, ya rubuta daga ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, ya nemi abin da ya wuce su, kada ya cike da zato. Kafin dagatai su watse ya karanta musu abin da ya rubuta, hakimi ya sa hannu. Ɗaukar kuwa a yi mata kwafi biyu a ranar, ɗaya a memori a cikin ambulan da aka rubuta wa kwanan wata, ɗaya a kwamfutar ofishin masarauta, kuma ta asali kada a taɓa ta da yanka.

Wannan na ƙarshe ya ƙara nauyi a 'yan shekarun nan. Dā ana iya yanke tsakiyar magana a haɗa farko da ƙarshe, "kada a yi" ta koma "a yi". Yanzu kuwa akwai manhajojin da in sun saurari muryar mutum na ɗan lokaci za su iya faɗin abin da bai taɓa faɗa ba da irin muryarsa. Ranar da aka wayi gari da wata murya tana yawo ana cewa hakimi ne ya ce kada a karɓi allura, ko ya ce a kori makiyaya daga fadama, rantsuwa kaɗai ba za ta wanke shi da sauri ba. Abin da zai tsaya masa shi ne ɗauka ta asali cikakkiya, da shafin malami mai kwanan wata da sa hannu, da dagatai goma da aka karanta wa shafin a gabansu.

Saura ranar da ba sabis ɗungum. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara duka saboda yaƙi da 'yan bindiga, aka bi da waɗansu ƙananan hukumomi na Katsina da Sakkwato da Kaduna, aka yi makonni da yawa a haka. Ko ba wannan, turken sabis yakan tsaya don rashin mai ko sata. Gundumar da abin ya shafa ba za a bar ta a baya ba. A sa laccar a memori tare da takardar da ke ɗauke da lambobin, a ba amintaccen ɗan aike ko direban motar kasuwa, hakimi ya tara dagatansa a saurara kamar yadda sauran suka yi, ana tsayawa inda mai laccar ya tsaya. Tambayoyinsu malami ya rubuta su koma ta hannun da ya kawo, a karanta su a farkon taro na gaba, wanda ya kamata a ce an riga an faɗi ranarsa da sa'arsa tun kafin a yi addu'ar tashi.